Dogayen lasifikokin gida: Me ke cikin akwatin da ya fi mota tsada?

A shekarar 2017 kamfanin Wilson Audio da ke garin Provo a Jihar Utah ta Amurka ya fara miƙa wa masu saye wata lasifika mai suna WAMM Master Chronosonic. Kuɗin guda biyu, ta dama da ta hagu, Dalar Amurka 685,000 ne a lokacin, kuma saiti 70 kacal kamfanin ya ce zai ƙera. Tsayin kowace ɗaya ya haura mita biyu, nauyinta kuwa ya kai kimanin kilo 400. Duk da wannan kuɗi, idan aka girke ta a falo ba za ta ce uffan ba, har sai an sayo amfilifaya da na'urar da za ta kunna kiɗan, kowanne da nasa farashin.

Ba don filin taro ko ɗakin biki aka ƙera irin wannan lasifika ba. An yi ta ne domin mutum ɗaya ko biyu su zauna a ɗaki su saurari kiɗa cikin natsuwa, su ji kamar makaɗan na gabansu. Tana cikin na ƙololuwar wata kasuwa ta dogayen lasifikoki masu tsayuwa a ƙasa da kansu, inda farashi ke farawa daga 'yan dubban daloli ya haura har inda ya fi kuɗin gida.

Tambayar da kowa zai yi ita ce: mene ne a cikin akwatin? Wani ɓangare na kuɗin yana tafiya ne wajen biyan buƙatun da ɗabi'ar sauti ta gindaya, waɗanda babu injiniyan da ya isa ya tsallake. Wani ɓangaren na ado ne da suna. Akwai kuma babban kaso na daɗin sautin da ba ya cikin akwatin kwata-kwata, domin yana jikin bangon ɗakin da aka ajiye lasifikar.

Aikinta tura iska

Sauti girgizar iska ce. Idan makaɗi ya doki tambari, fatar tana motsawa gaba da baya, ta matse iskar da ke kusa da ita ta sake ta, wannan motsi ya yi ta yaɗuwa har ya iske dodon kunne. A iska mai matsakaicin ɗumi, sauti na tafiyar kimanin mita 343 a cikin daƙiƙa guda.

Ana auna kauri ko sirantakar sauti da yawan girgizarsa a daƙiƙa, ma'aunin da ake kira Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Amon tambari yana can ƙasa, muryar mutum da goge suna tsakiya, ƙarar ƙararrawa da kaifin sarewa suna sama.

Lasifika fatar ganga ce da wutar lantarki ke kaɗawa. A bayan faifanta, wanda ya lotsa ciki kamar mazurari, akwai naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira koyil, yana zaune a cikin tsagin maganaɗisu. Idan wutar da ke ɗauke da kiɗan ta fito daga amfilifaya ta ratsa koyil ɗin, sai ya riƙa shiga da fita, yana jan faifan tare da shi. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana wannan tsari a shekarar 1925, aka fara sayar da shi a 1926 da sunan Radiola. Shekara ɗari ke nan, amma har yau mafi yawan lasifikokin duniya, daga ta cikin wayar salula zuwa ta dala dubu ɗari shida, a kan wannan tubali suke.

Tsarin yana da ɓarnar wuta sosai. A lasifikar gida ta yau da kullum, abin da ke zama sauti bai fi kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba ta ba. Ragowar zafi yake zama a jikin koyil.

Dalilin tsayi da nauyi

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Shi ma sauti yana da nasa zangon. Siririn sauti mai girgiza 20,000 zangonsa bai kai santimita biyu ba, amma amo mai girgiza 20 zangonsa ya kai mita 17, ya fi tsawon falon yawancin gidaje. Kafin a samar da irin wannan amo sai an tura iska mai yawa. Duk lokacin da aka rage yawan girgizar da rabi, dole faifan ya tura ninki huɗu na iskar da yake turawa a baya kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Shi ya sa ba a samun amon tambari daga kuntuku, komai ƙarfin hannun makaɗi.

Akwai kuma matsalar bayan faifai. Lokacin da gabansa ke matse iska, bayansa sakin ta yake yi. Idan aka bar faifan a fili, iskar gaba sai ta zagaya baya, su kashe juna, amon ya ɓace. Aikin akwati na farko shi ne raba su. Iskar da aka kulle a ciki kuma tana turjewa kamar sifirin: idan akwatin ƙarami ne turjiyar ta yi yawa, faifan ya kasa sakewa.

Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin KLH a Amurka. Abubuwa uku ake nema a lasifika: ƙaramin jiki, amo mai zurfi, da ƙarancin cin wuta. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan biyun suna taunuwa, ta ukun ce ke gagara. Wanda ya zaɓi doguwar lasifika ya haƙura da ƙaramin jiki ne domin ya samu sauran biyun.

Edgar Villchur ya bi ta wata hanyar a 1954, lokacin da kamfaninsa na Acoustic Research ya fito da AR-1. Ya rufe akwatin ruf, ya sassauta faifan, ya bar iskar ciki ta zama sifirinsa. Ya samu amo mai zurfi daga akwati matsakaici, amma ya biya da wuta mai yawa.

Yawancin dogayen lasifikokin yau suna da rami a gaba ko baya ko ƙasa, wanda bututu ke biye da shi zuwa ciki. Yana aiki ne kamar yadda bakin kwalba ke yin amo idan aka hura shi: iskar cikin bututun tana girgiza a wani mataki da aka auna, ta taya faifan fitar da amo. A da, da gwaji da sa'a ake dace wa da girman ramin. Neville Thiele na ƙasar Ostireliya ne ya shimfiɗa lissafinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a Jami'ar Sydney a farkon shekarun 1970. Da lissafin nasu injiniya ke sanin yadda akwati zai yi amo tun kafin a yanka katako.

Tsayin yana da wata fa'ida. Yana kawo ƙaramin bakin da ke sama daidai kunnen mutumin da ke zaune a kujera, wato kusan mita guda daga ƙasa, ba tare da an nemi abin ɗora lasifikar ba.

Rabon aiki tsakanin bakuna

Faifai guda ba ya iya ɗaukar sautin duka yadda ya kamata. Babba ya yi nauyin da ba zai girgiza sau dubu goma sha biyar a daƙiƙa ba, ƙarami kuma ba ya tura isasshiyar iska. Saboda haka ake raba aikin. A doguwar lasifika akan samu babban baki ɗaya ko biyu a ƙasa domin amo, shi ne ake kira wufa, sai matsakaici domin muryoyi, sai ɗan ƙarami a sama mai faɗin kusan inci guda domin siririn sauti.

A cikin akwatin akwai wata mararraba ta kayan lantarki da ke tace sautin, ta aika wa kowane baki rabonsa. Mai saye ba ya ganin ta, amma a nan gwanintar injiniya ke bayyana. A daidai iyakar da baki ɗaya ke miƙa wa ɗaya aiki, su biyun suna fitar da sauti iri ɗaya daga wurare daban. Idan ba a daidaita su ba, muryar mawaƙi sai ta yi rami ko ta yi tsini, kuma ta riƙa canzawa idan mai sauraro ya miƙe tsaye ko ya gusa gefe.

Kamfanin KEF, wanda Raymond Cooke ya kafa a garin Maidstone na Ingila a 1961, ya magance wannan a 1988 da tsarin da ya kira Uni-Q, inda ya dasa ƙaramin bakin a tsakiyar matsakaicin domin sautin ya fito daga wuri guda. Wilson Audio kuwa ya raba bakunan a ƙananan akwatuna da ake iya gusar da kowanne gaba ko baya, a daidaita su da nisan kujerar mai gida, domin sautin kowane baki ya isa kunne a lokaci ɗaya.

Sai batun abin da ake ƙera faifan da shi. Ana son ya zama mara nauyi, kuma mai taurin da ba zai lanƙwashe ba idan girgiza ta yi yawa. Faifan da ya fara lanƙwasa yana ƙara wa kiɗan wata ƙara tasa ta kansa. Kamfanin Focal na garin Saint-Étienne a Faransa ya koma amfani da ƙarfen beriliyam a ƙananan bakunansa tun 2002, ƙarfe mai tsada wanda ƙurarsa guba ce ga masu sarrafa shi idan ba a kiyaye ba. Bowers & Wilkins na Ingila ya fito da na lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta a 2005, wanda ba ya fara lanƙwasa sai girgiza ta kai wajen 70,000, alhali na alminiyam yana farawa tun wajen 30,000. Duk da haka, takarda, wadda aka fara da ita tun zamanin Rice da Kellogg, tana nan a cikin lasifikoki masu tsada da yawa, domin tana da halin shanye girgizar da ba a so.

Akwatin da ake so ya yi gum

Maƙerin goge ko garaya yana zaɓar ƙwaryar da za ta amsa, domin amsawar tata ita ce muryar kayan kiɗan. Maƙerin lasifika akasin haka yake nema. Idan bangon akwatinsa ya amsa, to zai shafa wa kowane kiɗa launi guda, ko na piyano ne ko na kalangu. Kuma da yake faɗin bangon akwatin ya ninka na faifan sau da yawa, ɗan motsi kaɗan a jikinsa ya isa kunne ya ji.

Wannan ne asalin nauyin. Ana yin bangon da kauri, a tokare shi da ginshiƙai ta ciki, a cusa auduga ko ulu domin shanye sautin baya. Kamfanin Magico na California yana sassaƙa nasa daga alminiyam. Wilson Audio yana amfani da wani haɗi mai tauri na musamman maimakon katako. Babbar lasifikar Focal mai suna Grande Utopia EM, wadda ta fito a 2008, ta haura kilo 250 kowace ɗaya. Ana kuma lanƙwasa gefunan akwati, domin bango mai lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe tauri, kuma kaifin kusurwa yana tarwatsa sautin da ya bi ta kansa.

Babu wanda ya kai Laurence Dickie na Bowers & Wilkins nisa a wannan fage. Lasifikar da ya tsara, Nautilus, wadda ta fito a 1993, ba ta da akwati irin wanda aka saba. Kowane ɗaya daga bakunanta huɗu yana da dogon bututu a bayansa mai tsukewa a hankali, cike da abin shanye sauti, ta yadda sautin baya zai yi ta tafiya har ya mutu bai dawo ba. Bututun babban bakin ya yi tsawon da sai da aka naɗe shi, shi ya sa ta yi kama da katantanwa. Kowane baki kuma da amfilifayarsa. Tun kafin ita, wata lasifikar kamfanin mai lamba 801, ta shekarar 1979, ta samu shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan, inda injiniyoyi suka riƙa auna aikinsu da ita.

Su kuwa Italiyawa ta fuskar kyau suka ɓullo. Sonus faber, wanda Franco Serblin ya kafa a yankin Vicenza a 1983, yana haɗa akwatunansa da katako da fata, yana raɗa musu sunayen mashahuran maƙeran gogen Turawa na garin Cremona irin su Amati da Guarneri da Stradivari. Mai sayen irin wannan ya san yana biyan kuɗin kayan ɗaki ne tare da na sauti.

Masu bin wata hanya

Ba kowa ya yarda da akwati da faifai ba. Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na Jihar Arkansas a 1946 da lasifikar Klipschorn, wadda ake ci gaba da ƙerawa har yau. Dabararta irin ta lasifikar da ake ɗaurawa a kan hasumiya ce, ko bakin kakaki: sautin yana fita ta wani maƙogwaro mai buɗewa a hankali, wanda ke sa faifan ya kama iskar da kyau. Da yake amo na buƙatar dogon maƙogwaro, Klipsch ya ninke nasa a cikin akwati, ya tsara a tura lasifikar cikin kusurwar ɗaki domin bangaye biyu su ƙarasa aikin. Da wat ɗaya kacal tana ba da ƙarar desibel 105 a nisan mita guda. Lasifikar da ke ba da desibel 87 sai ta sha wat 64 kafin ta kamo ta.

Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fito da wata dabarar a 1957. Ya shimfiɗa leda mai sirantakar da ba ta kai kaurin gashin kai ba a tsakanin faranti biyu masu huji, ya ɗora mata caji na dubban bolt, sai ta riƙa motsi gaba ɗayanta babu koyil babu maganaɗisu. Masoyanta suna yabon tsabtar muryarta. Sai dai amonta ba ya da zurfi sosai, kuma cajin da ke jikinta yana jawo ƙura, laima ma tana dagula shi. Wanda ke zaune inda hunturu ke turnuƙe gari da ƙura watanni a jere, ya kamata ya yi wannan lissafi tun kafin ya saya.

Gani ya kori ji

Shin tsada tana nufin daɗin sauti? Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya shi ne Floyd Toole, wanda ya shafe shekaru yana bincike a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman a Amurka a 1991.

A 1994 shi da abokin aikinsa Sean Olive suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun sa ma'aikatan kamfanin su 40 sun saurari lasifikoki huɗu sun ba su maki, sau ɗaya lasifikokin na ɓoye a bayan labulen da sauti ke ratsawa, sau ɗaya kuma suna kallon su. Da aka yaye labule, manyan lasifikoki masu sheƙi da tsada sai makinsu ya tashi, na ƙaramar mai araha ya faɗi. A bayan labule tazarar ba ta kai haka ba. Wani abin lura kuma, lokacin da ba sa gani, masu sauraron sun ji bambanci sarai idan aka canza wa lasifika wurin zama a ɗakin. Da suna gani, makin nasu kusan bai motsa ba, domin ido ya riga ya yanke hukunci. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Karin maganar nan ta gani ya kori ji ta tabbata a nan a zahirinta.

Bayan haka Harman ya gina ɗakin gwaji mai injin da ke ɗauke lasifika ya kawo wata daidai gurbinta cikin 'yan daƙiƙu, duk a bayan labule. Abin da aka yi ta samu shi ne, idan ido ba ya aiki, yawancin mutane, gwani da ɗan koyo, abu ɗaya suke fifitawa: lasifikar da ba ta ɗaga wani sashen sauti ta danne wani ba, wadda sautin da take watsawa gefe ya yi kama da wanda take aikawa gaba, kuma mai amo mai zurfi. A 2004 Olive ya nuna, bayan nazarin lasifikoki 70, cewa ana iya hasashen wadda mutane za su fi so daga awon na'ura kawai, kuma amo shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi 30 cikin 100 na hukuncin.

Wannan bincike ya ba dogayen lasifikoki gaskiyarsu ta fuskar amo, domin a nan girman jiki ke biya. Ya kuma nuna cewa farashi ba ma'auni ba ne. Akwai masu tsada da awonsu ya yi kyau, akwai waɗanda lasifikar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsu ba ta fi su daidaito.

Ɗaki ma lasifika ne

Mai zaune mita uku daga lasifika ba sautinta kaɗai yake ji ba. Kaso mai yawa na abin da ke shiga kunnensa ya riga ya bugi bango ko rufi ko daɓe ya dawo. A sautin da ke ƙasa da girgiza 200 zuwa 300, ɗakin ne ma ke da rinjaye. Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai amon da ke kai da komo yana ƙarfafa kansa. A ɗaki mai tsawon mita biyar, wannan amo yana wajen girgiza 34, sai kuma ninkinsa. Sakamakon haka, a wata kujera amon ya cika kunne har ya dame, a matsa taku biyu kuma a neme shi a rasa. Babu kuɗin lasifikar da ke goge wannan.

Falon da aka gina da bulo da siminti, aka shimfiɗa masa tayil, tagoginsa na gilashi, irin wanda ya yawaita a sababbin gidajen biranenmu, yana daga cikin mafi wahalar ɗakuna ga sauti. Tafi ɗaya a tsakiyarsa ya isa gwaji: idan ƙarar ta yi ta ƙara-kaina kafin ta mutu, haka za ta yi wa muryar mawaƙi. Kafet mai kauri tsakanin lasifika da kujera, labule mai nauyi, kujerun kushin da kantar littattafai suna rage wannan sosai. Amo mai zurfi kuwa labule ba ya tare shi. Maganinsa canza wurin lasifika da na kujera, ko ƙara wufa biyu a wurare daban na ɗakin, ko amfani da na'urorin zamani masu auna ɗaki da makirfo su rage amon da ya yi yawa.

Ƙa'idar jeri ta samo asali daga tsarin sitiriyo, wanda Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi wa rajista a Birtaniya a 1931. Lasifikokin biyu da kan mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu, nisan kowanne da ɗan'uwansa daidai, mita biyu zuwa uku. A janye su daga bango aƙalla rabin mita, a ɗan karkato fuskarsu wajen kujera. Idan jerin ya yi daidai, muryar mawaƙi za ta tsaya a tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya, kowane kayan kiɗa kuma ya kama gurbinsa dama ko hagu. Domin wannan ake kashe kuɗin. Babbar lasifika a ƙaramin ɗaki kuwa, an manna ta da bango saboda rashin wuri, sau da yawa ƙaramar da aka jera daidai ta fi ta daɗi.

Wat, amfilifaya da wutar gida

Lambar wat da ake bugawa a jikin kwali ita ce ta fi ruɗar masu saye. A jikin lasifika, wat yana nuna iya wutar da za ta jure ne, ba ya nuna ƙarfin ƙararta ko kyawun sautinta. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da haruffan PMPO a kayan sautin kasuwa kuwa ba su da wani ma'auni da aka amince da shi.

Lambobi biyu sun fi amfani. Ta farko ita ce yawan desibel ɗin da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita guda. Ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wuta sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma, wanda kunne ke ji kamar an ninka ƙara, yana buƙatar ninki goma. Ta biyu ita ce turjiyar lasifika ga wuta, wadda ake aunawa da om. Da yawa daga cikin manyan lasifikoki an rubuta musu om 8 ko 4, amma a wasu sassan sauti suna sauka ƙasa da haka, su matsa wa amfilifaya lamba.

Ƙaramar amfilifaya da aka ƙure tana iya ƙona lasifika kamar yadda babba ke yi. Idan ƙarfinta ya ƙare sai ta riƙa datse kan sautin, wannan gurɓataccen sauti kuma yakan ƙona siririn koyil ɗin ƙaramin baki. Inda wutar lantarki ke hawa da sauka, ko ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, amfilifayar ce ke fara shan wahala, kuma idan ta lalace tana iya tura wutar da za ta ƙona bakunan. Na'urar daidaita wuta mai inganci tana cikin lissafin kuɗin tun farko, haka ma tambayar inda za a samo baki na asali idan ɗaya ya mutu. Zafi da hasken rana kai-tsaye suna cinye zoben soso da ke riƙe gefen faifai a wasu lasifikoki, musamman tsofaffi da ake sayarwa na hannu.

Kunnen da za a saurara da shi

Waɗannan lasifikoki 'yan kaɗan ake ƙerawa, yawanci da hannu, kuɗin bincike da na injina kuma a kan 'yan ɗaruruwan saiti ake raba shi. Ga fenti irin na motar alfarma, ga dakon kaya masu nauyin ɗaruruwan kilo, ga ribar dillali da ta mai shago. Daga lasifikar kasuwa zuwa doguwa mai kyakkyawan tsari, bambancin a bayyane yake ga kowane kunne. Daga nan zuwa sama, kowane ƙarin kuɗi ɗan ƙaramin gyara yake sayowa, har a kai inda abin da ake saye ya koma irin na agogon zinare.

Mai niyyar saye zai amfana idan ya tafi da kiɗan da ya sani ciki da waje, musamman muryar mutum, domin kunne ya fi saurin gane ƙarya a murya. Ya tabbatar an daidaita ƙarfin ƙarar lasifikokin da yake kwatantawa, domin wadda ta ɗan fi ƙara takan yi kamar ta fi daɗi. Ya nemi awon da masu gwaji masu zaman kansu suka wallafa. Idan da hali, ya ji ta a ɗakinsa kafin ya biya.

Abu na ƙarshe shi ne kunnen kansa. Jin siririn sauti yana raguwa da shekaru, kuma yawancin waɗanda suka kai ƙarfin sayen irin waɗannan kaya sun riga sun daina jin abin da ya haura girgiza 15,000. Haɗarin lasifika mai kyau shi ne ba ta gargaɗi: da yake sautinta ba ya fashewa, mutum yakan ƙara murya bai san ya wuce kima ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a desibel 95 abin da ya rage bai fi awa ɗaya da kwata a mako ba. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, idan ƙara ta kashe su, ba sa sake tsirowa.